Kuɗin Rigar Malam Sambo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a garin da ba ki da kowa sai Shi, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki da wurin kwana. Mu nan Ƙofar Gayan lafiya lau, alhamdu lillahi. Labarin gida kuwa Ummanku za ta ba ki a waya, kin san ba ta gajiya. Ni abin da ya sa na ɗauki biro daban ne.

Jiya bayan la'asar ta same ni a zaure ta ce kin kira ta kina kuka. Wai kina ganin kin bar gida ba da albarkar mahaifinki ba. Wai kin yanke shawara ranar Asabar za ki hawo mota daga Abuja, ki durƙusa ki ba ni haƙuri, ki cika mini takardar harajin nan yadda na ce. Ummi, kada ki zo. Ki zauna inda kike ki karanta wannan har ƙarshe, ko da rubutun zai wahalar da ke, don hannuna ya fi sabawa da ajami.

Bari in maimaita abin da ya faru yadda na gan shi, kada shaiɗan ya ƙara masa gishiri a zuciyarki. Rediyo ya ishe mu da zancen sababbin dokokin haraji, kuma kowa a kasuwa da tasa fassarar. Wani ya ce duk abin da ya shiga asusunka na banki gwamnati tana gani, wani ya ce ko kuɗin cefane ka tura sai an yanki wani abu. Na ce to, ni da na yi shekaru ina biyan kuɗin karatun akanta a jami'a, me zai kai ni Sabon Gari in biya wani mai kwamfuta ya cika mini fom? Sai na ce kafin ki tafi koyon aikin da makaranta ta tura ki wajen masu binciken kuɗi, ki biyo ta shago. Kika zo kika zauna kwana da kwanaki kina ɗaga manyan riguna ɗaya bayan ɗaya, kina tambayata nawa na sayi shaddar, nawa na ba maɗinki, nawa mabuga suka karɓa. Kika karɓi wayata kika bi saƙonnin banki tun daga na bara. 'Yan layinmu suna ta tsokanata, wai mutane na gudun odita ni kuwa na haifi tawa. Ina dariya, raina fes.

Ranar da kika gama kika ce, "Baba, ga abin da kayan shagon suka kai, ga kuma cinikin shekara." Na duba, na ce, "Raba shi biyu ki rubuta." Kika yi murmushi, kin ɗauka wasa nake. Da kika ga fuskata sai kika sunkuyar da kai kika ce, "Baba, ka yi haƙuri. Duk abin da doka ta yarda a cire na cire maka, ladan maɗinka da haya da kuɗin mota. Wanda ya rage ɗin nan hannuna ba zai iya taɓa shi ba." Na ce miki boko ya koya miki raina na gaba. Na ce ashe kuɗina na zuba na sayo wa kaina 'yar sandan ciki. Ranar tafiyarki ban raka ki tasha ba. Kika durƙusa a bakin zaure, na ce Allah Ya kiyaye hanya ban ko ɗago kai ba.

Ke kin ɗauka fushi ne. Ni ma a lokacin haka na ɗauka. Zan gaya miki ko mene ne, amma sai na fara ba ki labarin abubuwa biyu da na yi, waɗanda ko Ummanku ɗaya kawai ta sani.

Na farko ya faru ina sabon buɗe shago, ba a ma haife ki ba. A wajen maigidana na koyi yadda ake tarbar masu haraji, kamar yadda na koyi gane zaren tsamiya, wato silikinmu na gargajiya, daga na kanti. In aka ji sun shigo ta bakin kasuwa, labari yakan riga su isowa layinmu. Nan da nan sai ka kwashe riguna masu tsada ka kai ajiya, ka bar na talakawa a rataye, ka cire hular kirki ka sa tsohuwa, ka zauna ka haɗa tagumi. In sun tambayi ciniki ka ce, "Ranka ya daɗe, wane ciniki? Ai zaman jiran rai kawai muke." Ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya. Wayo ake ce masa, kuma da sun wuce sai a yi ta dariya ana kwaikwayon wanda ya fi iya marairaicewa. Daga nan mu yi alwala mu tafi masallaci a sahun gaba.

Akwai maƙwabcina Malam Ɗanladi mai huluna, mutum mai sanyin hali, wanda jarinsa duka bai kai kuɗin rigata ɗaya mai aska takwas ba. Shagonsa yana lungu, ba a cika leƙa shi ba, don haka can nake kai ajiyata. Wata shekara aka canzo jami'i, wani dogo mai tabarau, sai ya fara zagayensa daga lungun. Ya ɗaga buhun da ke bayan Ɗanladi, ga riguna na alfarma jibge. Ina hange daga shagona da tsohuwar hulata a ka. Ya ce, "Malam, waɗannan na wane ne?" Ɗanladi ya dubo wajena sau ɗaya, ya mayar da kai ya ce, "Suna shagona dai, ranka ya daɗe." Aka yanka masa harajin manyan 'yan kasuwa. Ni aka zo aka ga tagumina aka yanka mini na marasa ƙarfi.

Da yamma na je kwasar kayana, na ce, "Kai, yau an yi abu!" Na yi dariya don ya yi, shi ma ya yi. Na ce za mu yi magana, ba mu taɓa yi ba. Shi kunya ta hana shi tambaya, ni kuma na fake da kunyar tasa. Bayan 'yan makonni na ga ya daina zuwa kasuwa a kan kekensa, ban tambayi inda keken ya tafi ba don na sani.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, duk lissafin da aka rage, kan wani yake sauka. Ni Allah Ya nuna mini nawa mutumin ƙuru-ƙuru, da sunansa da fuskarsa. Ku a aikinku ba za ku riƙa ganin fuskar ba, sai lambobi a kwamfuta, shi ya sa naku ya fi haɗari. In kika ji a rediyo an ce maƙudan kuɗi sun ɓace a wata ma'aikata, ki tuna ba aljanu suka kwashe su ba. Akwai akantan da ya shirya takardar, akwai oditan da ya duba ya ce ta yi daidai, kuma kowannensu ɗan wani gida ne da aka yi masa tarbiyya aka raka shi tasha da addu'a. Can ƙarshen layin kuma akwai wani Ɗanladi, wataƙila tsohon malamin makaranta ne da ke jiran fansho.

Kada ki ce mahaifinki ya zama mai wa gwamnati kirari. Har gobe ina da ƙorafi. Mai rasit ja ya zo, mai rasit kore ya biyo bayansa, wani ya ce na shara ne, ga sharar a ƙofar shago tana kallonmu. Famfon unguwarmu kin san rabonsa da ruwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai na daɗe ina amfani da warin daddawar ina wanke ɓeran, alhali su za a tambaye su abin da suka yi da abin da suka karɓa, ni kuma za a tambaye ni abin da bakina ya faɗa. Tambayoyin ba a haɗe suke ba.

Na biyun shi ne mai nauyin, kuma shi ne wanda Ummanku ta sani. Ba ki san Malam Sambo na Ƙofar Jatau ba, ya rasu kina goye. A zaurensa na yi karatun littattafai tun ina saurayi, shi ya ɗaura aurena da mahaifiyarki, kuma ban taɓa zama a gabansa ba sai a ƙasa. Da aka zo rabon gadonsa sai aka aiko a kira ni. Kin san yadda ake yi a birni: kafin a raba, sai an yi wa kowane abu kuɗi, gida da gona da littattafai da tufafi, a haɗa jimla, a fitar da kason kowa, sannan a ba kowane magaji kayan da suka yi daidai da kasonsa. Gona akan kira manomi ya faɗi kuɗinta, gini a kira magini. Riguna kuwa aka ce a kira Idi, shi ne ɗan gida kuma shi ya san riga.

Na shiga zauren da na yi shekaru ina ɗaukar karatu, ga buzun Malam a inda yake, ba kowa a kai. 'Ya'yansa maza suna zaune, ga malamin da ke rabon, ga dattawan unguwa. Aka buɗe adaka. Babban ɗansa ya ce, "Malam Idi, kai ka san riga. Faɗi tsakaninka da Allah." Na ɗago ta farko, sai ga rigar da Malam yake sawa in zai buɗe tafsiri da azumi. Ƙanshin turarensa yana jikinta. Idona na ɗan kasuwa ya riga ya gama aikinsa tun kafin in warware ta: wuyan ya ci, asu ya taɓa ta a gefe, aikin ya dushe. Na san kuɗinta sarai. Amma da na buɗe baki sai na ji ba zan iya ba. A ce a zauren Malam, a gaban 'ya'yansa, ni ɗalibinsa in yi wa rigar tafsirinsa kuɗin gwanjo? Sai na ji kamar shi zan yi wa kuɗin. Na faɗi kuɗin sabuwa dal, har na ɗora wani abu a kai.

Zauren ya ɗauka, "Masha Allah! Malam ai ba ya sa ƙaramar riga." Wani dattijo ya share hawaye. Na ji daɗin kaina, na ga na fita kunyar malamina. Haka na bi sauran rigunan duka, kowace na ɗaga ta sama da inda take. Ba wanda ya ba ni ko sisi, ba wanda ya roƙe ni. Na fito ina ganin na yi aikin lada.

Malam yana da 'ya mace guda, Balaraba, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta. Da aka buga lissafi sai kuɗin rigunan ya zo kusan daidai da kasonta. 'Yan'uwanta ma'aikata ne, ba masu sa babbar riga ba, sun fi son gona da gida. Ba zaluntarta suka yi niyya ba, su ma da maganata suka yi aiki. Aka aika cikin gida aka tambaye ta, ta ce ta yarda, tunda an ce suna da daraja haka.

Gab da faɗuwar damina, da hantsi, ina shago sai ga ta da ƙunshi a ka. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya karo na ban san adadi ba. Ta sauke ta ce, "Malam Idi, rigunan Baba ne na kawo maka. Rufin ɗakina ya tsage, ina so in sa kwano kafin ruwa ya sauka. Ba na neman ƙari, kuɗin da ka faɗa ran nan ya ishe ni."

Ummi, na warware ƙunshin na dubi rigunan. Na ce, "Ai Balaraba, kasuwa ce ta faɗi." Ki ji fa, na ɗora wa kasuwa. Ta dubi ƙunshin. Can ta ce, "Ashe." Sannan ta ɗago ta ce, "Na gane, Malam. Wancan kuɗin na girmama Baba ne. Allah Ya saka maka da alheri da ba ka wulaƙanta kayansa a gaban mutane ba. To yanzu faɗa mini na gaskiyar."

Har yau ban manta maganar nan ba. Na cuce ta, ta gane na cuce ta, kuma ta nemo mini uzurin da ni kaina ban iya nemowa ba, ta haɗa da addu'a. Ban san daga ina Allah Yake fitar da irin waɗannan bayi nasa ba. Da zagina ta yi da na sami abin riƙewa. Na faɗa mata na gaskiyar, bai kai sulusin wancan ba. Abin da ya kamace ni shi ne in saya a kuɗin da bakina ya faɗa, ko da zan karya jarina, ko kuma in koma wurin masu rabo in ce na yi kuskure a sake. Na farkon na ji tsoron talauci, na biyun na ji kunyar dattawa. Sai na ba ta kuɗin kasuwa na ɗora ɗan wani abu, har ina jin na kyauta. Kuɗin bai isa kwano ba. A tsakiyar daminar nan rufin ya rufta, Allah Ya sa da rana ne ba kowa a ciki, ita da yaranta suka ƙarasa shekarar a ɗakin ajiyar hatsi.

Daga baya na biya ta cikon, kaɗan-kaɗan, cikin shekaru. Tana karɓa ta yi godiya kamar kyauta nake ba ta. Amma kuɗin da ya zo bayan ɗaki ya faɗi ba shi ne kuɗin da aka nema kafin ruwa ba. Ta riga mu gidan gaskiya yanzu, Allah Ya jiƙanta. Rigar tafsirin ban iya sayar da ita ba, tana ƙasan adakata a gida.

Na san a makaranta an gargaɗe ku game da cin hanci, kuma ba na jin tsoron ambulan ɗin kuɗi a kanki. Wanda nake ji miki tsoro shi ne wanda ya kayar da ni, don shi ba ya zuwa da kamannin zunubi. Da kamannin ladabi yake zuwa. Za ki shiga kamfani binciken kuɗi, mai kamfanin ya ji sunan garinku ya ce, "Af, Bazazzagiya ce? Ai 'yata ce ke, wane gida a birni?" Ya san wani kawunki, ya aiko miki da abincin rana, ya tambayi lafiyata. Ba zai ce ki yi ƙarya ba. Kaya ne a sito da suka lalace amma takarda tana cewa sababbi ne, ko bashi ne da kowa ya san ba za a biya ba amma an rubuta shi cikin dukiya. Ke da kanki za ki ji nauyin ki ce wa dattijo mai furfura dukiyarsa ba ta kai yadda yake faɗa ba. A wannan lokacin ki tuna akwai wata Balaraba a waje da za ta karɓi lambar nan a matsayin gaskiya, ta zuba 'yan kuɗinta ko ta ba da bashi a kanta. Ki durƙusa ki gaishe shi yadda aka koya miki, ki ci abincin in kin ga babu laifi a dokar aikinku, in akwai ki ba da haƙuri. Girmamawa a gwiwa take da harshe. Kada ki bar ta ta hau kan takarda.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya same ni ranar da kika miƙo mini lissafinki.

Kowace shekara in azumi ya gabato, nakan je shago da sassafe kafin layi ya cika, in tura ƙofa, in tsaya in dubi kayana in yi musu kuɗi don fitar da zakka. Ba na rubutawa. A wannan tsayuwar ba na ragewa ba na ƙarawa, don na san Wanda nake yi dominsa ba a yi masa tagumi. Adadin da nake samu ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarki. Shekara da shekaru ina ɗaukarsa wani sirri ne tsakanina da Ubangijina.

Ummi, adadin da kika rubuta na kayan shago, shi ne. Ɗan bambancin da ke tsakani bai kai kuɗin hula ba.

Tsigar jikina ta tashi. Na dubi takardar, na dube ki, yarinyar da na yi wa huɗuba a kunne, wadda nake saya wa alewa a Ƙofar Galadima in za mu gaida kakarki. Ba ki yi duba ba, ba ki yi istihara ba. Kin bi saƙon banki ne da tsofaffin rasit da 'yan tambayoyi, kika iso daidai inda nake tsayawa ni kaɗai. Ashe abin da nake ɗauka a ɓoye yake, a warwatse kawai yake, yana jiran mai haƙurin tattarawa. Na ce a raina, Allahu Akbar, in ɗan Adam mai barci da mantuwa zai iya wannan, ina ga Wanda ba Ya barci ba Ya mantuwa? Tun muna yara ake karantar da mu ranar hisabi, na ji ta a wa'azi ba adadi, na ma koyar da ita. Ban taɓa jin ta a fatar jikina ba sai ranar nan, a cikin shagona, da rana tsaka, a hannun 'yata.

A tsayen nan na ga kaina gaba ɗaya. Baki ɗaya gare ni, amma farashi uku nake da shi: na mai haraji a ƙasa, na mamaci a sama, na Allah a daidai. Ashe tun da can na san daidai ɗin, zaɓen wanda zan faɗa wa nake yi. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban san inda zan kai shi ba. Namiji kuwa, balle uba, in tsoro ya kama shi a gaban 'yarsa sai ya mayar da shi faɗa. Da na ce ki raba biyu, so nake ki zama irina in huta. Da kin yarda, da na sami sauƙi na yini ɗaya, na kuma yi asarar abin da ya fi shagon duka.

Bayan tafiyarki na yi kwanaki ina cika ina batsewa a gida. Ummanku ta ƙyale ni har ta gaji. Wata safiya tana miƙo mini koko ta ce, "Malam, ni fa ban gane ba. Kai ka tara kuɗi ka sayo ma'auni, ka kawo shi gida da kanka. Yanzu don ya auna shi ne abin fushi?" Na ce mata mata ba su san kasuwa ba. Ta ce, "Haka ne. Amma Balaraba ma mace ce." Ta ɗauki kwanonta ta shige. Rabon da a ambaci sunan nan a gidanmu an daɗe.

A makon nan na ɗauki takardarki yadda kika bar ta na kai ofishin haraji, ban taɓa ko ɗigo ba. Na sa hular kirki kuma. Ba zan yi miki ƙarya in ce abin ya zo da sauƙi ba. Ya fi abin da na saba biya nesa ba kusa ba, kuma gyaran zauren da na yi niyya bana sai dai baɗi in da rai. Na fito ina jin zafin kuɗin har cikin haƙarƙarina. Yarinyar da ta karɓa ta jujjuya takardar ta ce, "Baba, wa ya shirya maka wannan?" Na ce 'yata ce. Ban san na faɗa da ƙarfi haka ba sai da na ga mutanen layi sun waiwayo.

Sauran nasihata kaɗan ce, don na ga a wannan fanni kin riga ni. Ki riƙe sirrin mutane kamar yadda kika riƙe nawa, na lura ko Ummanku ba ki faɗa wa adadin ba, ta yi ta zungurarki kuwa. Kada ki sa hannu a kan abin da ba ki gani da idonki ba, ko da wanda ya fi ki matsayi ya ce sauri ake, don ranar da abin ya fashe sunan da ke ƙasan takarda ake kira. In ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba, ɗaliba ce ke, ba abin kunya ba ne. In kuma Allah Ya kai ki inda za ki zauna da ƙananan 'yan kasuwa irina, kada ki dube mu a matsayin ɓarayi. Yawancinmu tsoro ne da rashin sani, an daɗe ana tatsarmu ba bayani. Ki yi musu magana da Hausar da za su gane, ki nuna musu abin da doka ta sauƙaƙa musu tun kafin ki nuna musu abin da ta ɗora musu, kamar yadda kika yi mini ban saurara ba.

Akan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mu Zazzagawa da muke da rimaye mun fi kowa son wannan magana. To ni dai a wannan karon ina ƙasa, kuma ba rimin kika hau ba.

Saura magana ɗaya, ita ce dalilin takardar. Kin tashi a gidan da aka koya miki cewa maganar uba ba a mayar da ita, kuma ni na koya miki. Shi ya sa zuciyarki take azabtar da ke. Ni kuma na san kaina. Yau na farka, amma ɗan Adam ne ni, ɗan kasuwa kuma. Wata shekarar ciniki zai tsaya, ko ciwo ya zo, ko a matsa mini, in sake kiranki in ce Ummi rage mini kaza, ko ƙara mini kaza banki su ba ni rance. Wataƙila in yi miki faɗa, wataƙila in yi miki kuka, wanda ya fi faɗan wuya. Saboda haka ga izinina tun yanzu, da hankalina da lafiyata, da rubutun hannuna: ranar da na sake neman haka a wurinki, ki saɓa mini. Na yafe miki wannan saɓawar tun kafin ki yi ta, duniya da lahira. In na ce miki na janye wannan izini, kada ki yarda, wanda ya rubuta shi ya fi wanda zai janye shi hankali.

Ba ki da haƙurin da za ki ba ni. Ni ne nake da shi, ga shi kuma ina ba ki: ki yafe wa mahaifinki maganganun da ya faɗa miki a shago. Albarkar da kike tsoron kin bari a baya kuwa, ba ki taɓa rabuwa da ita ba, bakina ne ya yi rowar faɗa. Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Allah Ya yi miki albarka. Na yarda da ke, ina alfahari da ke, kuma ina jin nauyinki irin wanda ban taɓa zaton uba zai ji na abin da ya haifa ba.

Allah Ya tsare hannunki daga rubuta abin da zai kunyata ki gobe kiyama, Ya tsare ki daga sharrin mai sharri da kuma kunyar mai alheri. Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya ba ki sa'ar karatu da aiki, Ya dawo mana da ke lafiya a lokacin da makaranta ta sallame ki, ba kafin nan ba. Ummanku da 'yan'uwanki suna gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Idrisu mai riguna